Kiran Salla da Hantsi

Shekarar ta ɓace mini. Na san dai lokacin tumatirin rani ne, ko ana cira ko an gama. Wasu sunayen ma sun bi ta sun tafi. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku, Allah ya yafe mini gurbin da na bari.

A Janfalan akwai wani manomi, Muhsin, da matarsa Rahama. Bayan haihuwarta ta fari ta samu taɓin hankali, har ta taɓa ajiye jaririyar a bakin rijiya ta yi tafiyarta tana waƙa. Asibiti suka ɗora ta a kan wata ƙwaya, ta dawo garau, tana daka tana goyo. Amma yayyen Muhsin sun yanke magana: ranar da ciwon ya sake tashi, za a karɓe yarinyar, uwar kuma a kai ta gidan mari.

Sai ƙwayar ta yanke a kasuwa.

Muhsin ya hau babur da tsohon kwalin a aljihu. Ya bi kemis na Ikara ɗaya bayan ɗaya. A Makarfi wani ya jujjuya kwalin, ya ce ko a Zariya ba a ganinsa, ya miƙo maganin barci. A Kudan aka ce ya dawo sati mai zuwa, da ya koma aka ce na gaba. Rahama ta fara raba ƙwaya biyu tana shan rabi, daga baya rabin ma ta raba. Ranar da ya tarar da ita tana wanke tukunya ɗaya tun safe har azahar, tuwo bai shiga bakinsa ba.

Ladanin masallacinsu wani dattijo ne, Malam Yahuza, mai tafiya a hankali da hannu mai rawa. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Kullum da gorar ruwa a hammata, har tsaransa na tsokanarsa wai shi ke ƙarar da randar alwala. Jefi-jefi yakan je Kaduna gaida dangi, ya dawo a ranar.

Wata rana bayan La'asar ya tare Muhsin a bakin ƙofar masallaci.

"Ya mai jiki, ɗana?"

"Da sauƙi, Baba Ladan."

"Sauƙin ne ya sa liman na sujada kana tsaye? Kawo kwalin in gani."

Kallo ɗaya ya yi masa ya mayar. "Ina da mutum a Kudan. Ka daina ƙona mai."

"Baba, Kudan ɗin ai zazzage ta na yi."

"Kai shaguna ka sani, ni mutane na sani."

Washegari ya kawo ƙwayoyi a ƙullin leda kamar kanwa. "Bayan tuwon dare za ta sha. In za ta tashi kada ta zabura, jiri zai kwashe ta. A ajiye mata ruwa kusa." Muhsin ya nemi ya je ya yi wa mutumin godiya, ladan ya ce mutumin ba ya son a san shi.

Kowace Juma'a sai an kawo ƙulli. Rahama ta koma barci, ta koma kitso, yarinyar ta fara rarrafe a gabanta. Yayyen Muhsin suka daina leƙowa.

Shi ma ladan abin ya yi masa kyau a idon jama'a. Rawar hannun ta tafi, ya ajiye gora, muryarsa ta buɗe har mutanen fadama na cewa suna jin ta tsaf. "Malam ya koma saurayi, a nemo masa bazawara!" in ji tsaransa. Ya yi dariya, ya daɗe yana yi.

Daga nan ya shiga share masallaci yana maimaitawa, babu ko tsinke a ƙasa. In ya kama mutum da hira sai an janye shi. Ran nan da hantsi, rana ba ta ko kai tsaka ba, aka ji kiran salla. Mutane suka bar ban ruwa a fadama suka taho da laka a ƙafa, suka same shi rungume da lasifika yana kuka. Kwana kaɗan ya sake. Ya kuma sake.

Malaman gari suka zauna, suka ce wuridi ya ɗauka ba da izini ba, ya fi ƙarfin kansa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, bai lafa ba. Ƙarshe aka samo mota zuwa wani gidan mari can bayan Makarfi.

Ana tura shi cikin motar ya hango Muhsin, ya natsu kamar ba shi ba. Ya zaro ƙulli daga aljihu, ya fi na kullum girma. "Mutumin Kudan ya yi tafiya, ɗana. Ku lallaba wannan."

Suka lallaba, ya kai su har maganin ya dawo shaguna. Rahama na nan da 'yarta, na ga yarinyar da allo a hannu. Malam Yahuza kuwa damina ba ta fita ba aka dawo da gawarsa, da tabon ƙarfe a idon sawu.

Bara aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna saboda wannan mantuwar tawa. Da wata tsohuwar nas ta ji sunan garinmu, sai ta tambaye ni ladaninmu mai gorar ruwa. Na sa ta maimaita mini a gaban wanda ya rako ni, don na san kaina, kuma shi ma haka ya ji: shekara da shekaru Malam Yahuza bai taɓa fashin zuwa karɓar maganinsa ba, kuma lokacin da ƙwayar nan ta yanke a kasuwa, kwalba ta ƙarshe da ta rage musu shi suka ba, suka ce ya riƙe ta da kyau, hankalinsa ne a ciki.