Tsumma a Tumbin Akuya

Ranar da akuyarmu ta mutu a Gure, maƙwabta suka ce Ya Falmata, tsohuwa mai sayar da kanwa, ita ta kashe ta da ido. Har na ɗauki dutse zan bi yara gidanta.

Inna ta jawo mushen, ta farke tumbin a gaban kowa, ta zaro dunƙulen tsumma mai ɗoyi.

Kawu Bukar ya ce, "Yaya, ai mugun nufi ma yana kisa."

"Yana yi mana," in ji Inna. "Akuya dai tsumma ya kashe ta. Mugun nufi kuwa naku ne, ga shi nan a hannun ɗana."

Na saki dutsen. Yau ga ni da furfura, amma tafina bai manta nauyinsa ba.