Azumin Ya Kaka

Ya Kaka tsohuwa ce 'yar asalin Barno da aure ya kawo Babura. Miji ya rasu, haihuwa ba ta tsaya ba. A shekarar babban farin nan, saba'in da uku, ba ta da kowa sai Allah.

Lokacin ne kuɗin mai ya fara shiga aljihun ma'aikata. Wasu 'yan ƙasar Kazaure masu aiki a Kano suka kafa ƙungiya, suna haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa a sayi gero a raba wa tsofaffi marasa galihu a Babura da Roni da Gwiwa. Aikin lada ne, ba mai musu. Sai dai sun gindaya sharaɗi: na 'yan gari ne kaɗai. Waɗanda yunwa ta koro daga Nijar, wai su jira gwamnati. Su jira da wane cikin?

Wata ranar kasuwa Ya Kaka ta tarar da wata mata mai suna Tasalla a gindin tsamiya, da 'ya'ya huɗu kwance ko kuka ba sa iya yi. Daga wajen Tanut suka taso, mijinta ya rasu a hanya.

"Tashi, 'yar nan," in ji tsohuwa. "Ɗakina ɗaya ne, amma ya ishe mu."

Rabonta na geron ƙungiya kwano shida ne a wata, ga baki ya zama shida. Kuma ta san sharaɗin. Tana tsoron in aka ji geron na shiga cikin baƙi a yanke shi, yaran su bi ubansu. Sai ta kama bakinta.

Da aka sauke tuwon farko, ta ture kwanonta gaban yara.

"Inna, ke fa?" Tasalla ta tambaya.

"Azumi nake. Akwai ramuwa a kaina tun ta ƙuruciya."

Wa zai hana tsohuwa ibada? In an kira magariba sai ta jiƙa ƙanzo ta sha ruwansa, ta ce ta ƙoshi. Kashegari ma azumi ne.

Mai kawo rabon Babura wani malamin makaranta ne, Muhammadu Lawal, mutumin kirki mai ladabi. Duk farkon wata zai jingine kekensa, ya sauke gero a zauren Ya Kaka, ya yi sallama. A da tana fitowa su gaisa, yanzu kuwa daga bayan zana take amsawa don kada ya ga yadda ta koma.

"Iya, an yini lafiya? Geron yana isa kuwa?"

"Lafiya lau, Malam. Har da saura. Ƙafa ce ta hana ni fitowa."

Shi ke nan, ya hau kekensa. Yaro ba ya tsare babba da tambaya, namiji kuma ba ya kutsa kai gidan mata. To, amma ko mace ɗaya babu a ƙungiyar da za a tura ta leƙa? Babu. Ba wanda ya ma yi tunanin haka.

A wata na huɗu ya yi sallama sau uku, sai wata mata da bai taɓa gani ba ta fito, yara huɗu na riƙe da zaninta.

"Malam, jiya da hantsi aka kai Inna."

Ya yi salati, ya ce, "Ke wace ce?"

Ta durƙusa ta faɗa masa komai. "Ni na ɗauke ta zuwa wurin wanka, ni kaɗai. Wallahi ba ta kai nauyin wannan ƙaramin ba. Ashe ba ramuwa ba ce, Malam. Mu take ciyarwa."

Muhammadu Lawal ya zauna daɓas a ƙasa. Ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, su huɗu, kowanne tsaye da ƙafarsa a shekarar da ta kayar da manyan maza. 'Yan ƙungiya da albashinsu sun ce ba za su iya da baƙi ba. Tsohuwar da ba ta mallaki ko kaza ba, ita ta iya, da ranta. Ya rufe fuska ya yi kuka a gabansu.

Jama'a, yunwa ba ta tambayar garin mutum, mai bayarwa ma kada ya tambaya. Kuma kada "lafiya lau" ta tsoho ta sallame mu daga zaure: a shiga, a duba, tun yana da rai.