Littafin da Moyo Ke Jira

Ibidun ta fizge littafin daga kantar laburare kafin hannun Moyo ya kai gare shi.

"Haba Ibidun, sati biyu nake jiransa!"

"Ki ƙara biyu, 'yar lelen malamai."

Tun shigarsu sakandare a Ogbomosho Moyo ke zuwa ta ɗaya a aji. Abin na cin Ibidun, ta rantse kyautar wanda ya fi karanta littattafai ta bana kam ba za ta bar mata ba. Duk littafin da Moyo ta ambata, sai ta riga ta ara. Sai dai Anti Ajoke, mai kula da laburaren, ba ta karɓar littafi sai ka ba ta labarinsa a tsaye. Dole Ibidun ta riƙa karantawa tana tsaki.

Ranar rabon kyauta aka kira Ibidun: littafi talatin da ɗaya! Ta karɓi ƙamus, ta waiga don ta more baƙin cikin Moyo.

Moyo tafi take har da tsalle.

"Ni fa ban shiga gasar ba," ta raɗa mata. "Anti Ajoke ke rubuto min sunayen littattafan, ta ce in riƙa ambatarsu inda za ki ji."