Ɗan Kokawar Da Ke Zaɓen Mai Kada Shi

Zauna tukuna, Ɗanlami. Wato 'yarka Hansai ta shiga aji huɗu na sakandare, injiniya take son zama, kai kuma ka zo wurin kawunka in taya ka raba ta da fiziks da babban lissafi don kada ta sauka daga ta ɗaya? Haba ɗana! Ranar neman jami'a ai darussan nan da kake gudu su za a fara tambaya. Gyara zama ka ji.

A wani gari an yi samari biyu 'yan kokawa, katangarsu ɗaya. Burin kowannensu a saka shi cikin waɗanda gari ke turawa babbar kokawar birni, ga shi kuwa gurbi ɗaya ne ya rage wa sa'o'insu. Na farko wayo ne da shi kamar me. In an buga kalangu sai ya leƙa layi, ya takalo ɗan siriri mai ƙafa kamar sillen kara, ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, 'yan mata su rangaɗa guɗa. Bayansa bai taɓa sanin ƙura ba. Na biyun kuwa, tun kakar fari ya sami wani tsohon ɗan kokawa ya tambaye shi irin mazan da ake gamuwa da su a birni. Tsoho ya ce akwai dogaye masu taɗiya, akwai masu nauyin buhun gishiri, sannan akwai bahagwai, su ne jaraba. Saurayi ya raba shekarunsa a kan haka, bai haɗa su a lokaci guda ya karya kansa ba. Kakar nan dogaye ya bi kasuwa-kasuwa, da ta kewayo ya koma kan masu nauyi, ya bar bahagwai sai da ƙashinsa ya yi ƙwari. Wayyo, yaro ya sha kaye! Har 'yan mata suka laƙaba masa Angon Ƙasa. Uwarsa tana gasa masa baya da ruwan zafi tana mita, "Kai ɗan nan, ƙanana sun ƙare a garin ne?" Shi dai dariya yake yi, domin duk wanda ya kada shi sau biyu ba ya samun na uku.

Ranar zaɓe ta zo, fili ya cika maƙil. Sarkin kokawa bai tambayi mutum nawa kowa ya kayar ba, cewa ya yi a faɗa masa su wane ne. Na farko ya fara jero sunaye, fili ya ɗauki dariya, don cikinsu har da wanda iska ma ke kayarwa. Sai sarki ya sa aka fito da wani ƙaton mahauci bahago daga garin maƙwabta, ya ce kowa ya gwada. Wallahi makaɗi bai gama yi wa na farko kirari ba, sai ga ƙafafunsa a sama. Na biyu ya shigo yana murmushi, ai ya san hannun. Ya bar ƙato ya kawo cafka ta hagu, ya goce, ya shige ƙarƙashinsa, ya zuba masa taɗiyar da ya koya a jikin dogaye. Ji kake tim! Fili ya kece da ihu, tsofaffi suna jifa da huluna, makaɗi ya kusa fasa kalangu. Samari suka yi sama da shi, har maƙwabcin nasa ya karkaɗe ƙura ya zo ya kama ƙafa ɗaya yana dariya. Washegari da sassafe na biyun ne a gaban mota zuwa birni, gari duka ya fito rakiya.

Ai Bahaushe ya gama magana, Ɗanlami: kowa ya ci zomo, ya ci gudu.