Wuƙar Bahago

Mahaifin budurwarsa, tsohon da ba ya hira sai ta ƙarfen wuƙa, ya turo masa akwati a kan tabarma. Yana buɗewa sai ga wuƙa. A nan garin Sakai, kyautar wuƙa yanke zumunci ce.

"Baba, in wani laifi na yi…"

"Ka cika surutu. Yanka mana kifin nan."

Saurayin ya kama wuƙar da hagu, kifi ya rabu sumul. Sai ya lura: kaifin na bahago ne, irin wanda maƙeri kan yi wata shida yana ƙerawa.

Ya sauke ajiyar zuciya. Wata shida ke nan cif da ya fara zuwa gidan, ya ɗauki shayi da hagu a gaban tsohon.