Majemin da Takarda ta Kashe wa Kasuwa

Kai da kake kukan zamani ya kwashe maka abokan ciniki, zauna ka ji abin da ya sami wani majemi a Bagadaza, lokacin da birnin yake tashen ƙuruciya, ilimi yana kwarara cikinsa ta kowace ƙofa.

Shi wannan majemi sana'ar gidansu gyaran fatar rubutu ce. Yakan jiƙa fatar ɗan rago, ya kankare gashin, ya ɗaure ta a katako ta miƙe, ya yi ta goga har ta yi fari fat, alƙalami ya bi ta kanta sumul. A lokacin kafin a rubuta Alƙur'ani guda sai an tara fatun garke, saboda haka malamai da marubutan fada a ƙofarsa suke jira, shi kuwa yana yanga. Ana nan sai wasu baƙi suka zo daga wajen Samarƙandi da wata sana'a, wai suna daka tsumma su mayar da shi abin rubutu. Majemi ya yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar ba ta kai baɗi ba. Masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya, fatu suka taru a zaure suna tara ƙura, maƙwabtansa majema suka fara sayar da wuƙaƙensu suna komawa ƙauye noma. Ranar da matarsa ta gaya masa garin da ke tulu ba zai kai Juma'a ba, ya saɓa wata jemammiyar fatar akuya da ya ajiye don yin salka, ya ce zai je ya sayar, ya kuma ga wannan takarda da ta raba shi da abincinsa.

Da ya haye gadar kogin Dijla sai ya tsaya baki buɗe. Ruwa ne yake juya wani ƙaton katako, katakon yana ɗaga taɓare, taɓaren suna kirɓa tsumma babu hannun mutum. Ga wasu suna tsoma rariya cikin kullun tsumman suna ɗagowa, ga fararen takardu an shanya jikin bango iya ganinka. Ya wuce gaba ya faɗa layin masu littattafai, nan fa ya manta da fushin da ya kawo shi. Rumfa na bin rumfa, kowace cike da masu kwafi, ƙarar alƙaluma kamar fara ta sauka a gona. Wannan yana juya littafin magani daga harshen Yunanawa, wancan yana koyar da lissafin mutanen Hindu, wani ɗan Farisa yana zana tafiyar taurari, wani dattijo daga Bukhara yana karanto hadisi matasa suna rubutawa. Har mai sayar da ruwa ya gani ya ajiye tulunsa yana cinikin 'yar takardar addu'a. Abin da a da sai mai garke yake mallaka, yau ga shi a hannun kowa. Majemi ya ji da ma ya iya karatu sosai ya zauna nan har Magariba.

A ƙarshen layin ya tarar da rigima. Wani madugu mai shirin tafiya Ƙairawan ya baje damin takardu a ƙasa yana faɗa da wani mai rumfa. Ya ce waɗanda ya ɗauka bara gumin raƙumi ya jiƙa su, igiya ta yanke gefensu, rabi ya isa a dagargaje, ba zai sake ɗaukar littafi ba sai da bango. Mai rumfa yana rantsuwa cewa dukawa masu ɗinkin bango suna nan zaune hannu sake, fata mai laushi ce ta yi ƙaranci, don littattafan da ake gamawa a wata ɗaya yanzu sun fi na shekara a da yawa. Majemi ya sauke fatar kafaɗarsa ya miƙa. Mai rumfa ya murza ta, ya naɗe ta, ya ware, bai ga ta tsage ba.

"Malam, kana da irinta nawa?"

"Nawa kake so?"

"Duk wadda hannunka ya kai gare ta. Da ta gobe, da ta jibi."

Majemi bai san lokacin da ya sake haye gadar ba. Da gudu ya faɗa gida, rawani a hannu, har matarsa ta zaci an biyo shi. Ya ce ta ɗora ruwa, a daka bagaruwa, a nemo jan rini. Ya kwance katakan miƙa fata ya haƙa ramukan jima a wurinsu. Kafin damina aiki ya fi ƙarfinsa, ya aika ƙauye aka kira maƙwabtan nan da suka gudu, kowa ya ajiye fartanya ya dawo. Ayari ba ya barin Bagadaza zuwa Masar ko Andalus ko Yaman sai da littattafai sanye da jar fatar unguwarsu, warin majemar da mutane suke toshe wa hanci ya zama ƙamshi a wurin matan gida, don tukunya ta koma tafasa safe da yamma.

Ya tsufa yana cewa da takarda ba ta kore shi daga zauren ubansa ba, da nan zai mutu yana gyara wa mutum goma abin rubutu. To ka ji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, wani hani ga Allah baiwa ne.