Wutar Gidan Surukai

Sabi'u ya jingina babur ɗinsa da bangon shagon Labo a Ƙonni, ya tsaya daidai inda intanet ɗin shagon ke kamawa, ya fara sauke sabon kashi na shirin Hasken Gida. Labo, abokinsa mai gyaran waya, ya daina ma yi masa tayin kujera.

Shirin kyauta ne, na koyon haɗa wutar sola. Wata mata ke yin sa, ba ta taɓa nuna fuskarta ba. Hannuwanta kawai ake gani a kan tebur suna fere waya, suna haɗa pano, wato faifan sola, da batir. Masu kallo na gardama a kanta, wasu su ce Basakkwaciya ce, wasu su ce daga Maraɗi take. Labo ya ce wadda ke kiran wutar lantarki "kuran", irin na Maraɗi da nan Ƙonni, ba daga ƙetaren iyaka take ba. Sabi'u bai shiga wannan gardama ba. Kukansa ɗaya ne: matar na da dogon bayani kafin ta taɓa komai, ga ƙarar manyan motoci na katse ta, ta dakata su wuce ta sake ɗaukowa daga farko. Shi kuwa sai ya sa yatsa ya ja gaba zuwa inda hannuwan suka fara aiki.

Aure ne ya zaunar da shi wannan karatu. Yana neman Humaira, ɗiyar Malam Abdoulaye na Malbaza, ma'aikaci a masana'antar siminti. Malam bai hana ba, amma ya ce noman damina kaɗai ba ya riƙe gida, sai yaro ya zo da sana'ar rani a hannunsa. Humaira ce ta gaya wa Sabi'u sunan shirin, tana maganar tana danne dariya.

Ya kama da gaske. A garinsu Dogarawa ya gyara fitilar masallacin unguwarsu, ya haɗa wa mai shayi wurin cajin waya. Ya ƙona wasu kaya a hanya, amma hannunsa ya faɗa.

Bayan girbi saƙo ya iso: wutar gidan Malam Abdoulaye ta ɗauke, a zo a duba. Sabi'u ya san gwaji ne. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya cire, ya sa ta aiki.

Ya isa da hantsi. Malam na zaune a tsakar gida kan kujerar roba, bayansa ƙofar ɗakin Hawa'u, uwar Humaira, da labule a sake. Sabi'u ya durƙusa daga nesa ya gai da labulen, idonsa a ƙasa. Haka suke tun farko. In ya hango ta a hanya yakan sauya kwana, gaisuwarsa ma Humaira ke kai mata ta dawo da amsa.

Kayan wutar na cikin ƴar rumfa kusa da ɗakin. Da ya buɗe akwatin sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Wayoyin a jere suke tsaf, ja a dama, baƙa a hagu, kowace da ɗaurinta, kamar dai yadda ya koya. Ya ce a ransa ko wane ne ya haɗa wannan, ya san aiki.

Ya auna pano, lafiya lau. Ya auna batir, a cike. Ya kwance wayoyin, ya kankare bakinsu, ya mayar. Ba wuta.

Malam ya tambaye shi inda ya yi koyo. Sabi'u ya ce a cikin waya, wajen wata malama mai shiri.

"Mace? To, ta iya kuwa?"

"Baba, babu irinta. Hannunta ba ya kuskure. Surutu ne kawai ya yi mata yawa, sai dai mutum ya riƙa tsallakewa."

Malam ya yi tari mai tsawo, har ya nemi ruwa. Humaira ta kawo, ta koma madafa da gudu, gyalenta a baki.

Rana ta hau. Gumi ya jiƙa wa Sabi'u riga. Motocin siminti na wucewa ta bayan gida suna girgiza kwanon rumfar, shi kuma yana maimaita abin da ya riga ya yi. Ya fara tunanin abin da zai gaya wa mahaifinsa in ya koma, da irin dariyar da Labo zai yi. Malam ya duba agogo, ya ce ba laifi, ba dole ne a gama yau ba. Wannan sassauci ya fi tsorata Sabi'u da komai.

Ya ajiye na'urar awo. Ya bi jar wayar da yatsa, daga kan batir, sannu a hankali, har ta ɓace bayan katako. Can ya taɓo wani ɗan bututun roba. Ya murɗe shi. A ciki akwai fizibil, ƴar wayar nan da ke ƙonewa don ta ceci sauran kaya, ta yi baƙi ƙirin. Ya lalubo sabuwa a ƙasan jakarsa ya sa.

Fitilar rumfa ta kama. Daga cikin ɗaki firji ya fara gurnani.

Malam Abdoulaye ya yi murmushi, ya ce shi kam siminti ya sani, bai san kan wuta ba, don haka hukunci ba nasa ba ne. Ya juya ya dubi labulen.

"To, mi kika gani?"

Labulen ya motsa kaɗan. Karo na farko ke nan da Hawa'u ta yi magana Sabi'u na tsaye a gidan, amma muryar ba baƙuwa ba ce a kunnensa, kullum da ita yake karin kumallo.

"Ku ba shi yarinyar, Malam, yaron na da haƙuri. Sai dai a gaya mishi, cikin surutun nan da yake tsallakewa ne na yi bayanin fizibil."